Wurin Zaman Celina

Kakuri, Kaduna
Agusta, 1989

Zuwa ga Yayana Istifanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da Eunice da yara, da aikin jirgin ƙasa can Inugu. Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan da godiya. Mama ta warware sosai, har ta koma faɗa da masu tumatir a kasuwa. Damina kuwa ta mai da layinmu kogi.

Yaya, saƙonka ya iso ta bakin Benson da ya zo daga wajenku, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Wai zancen haihuwa na mata da miji ne, mu bar wa Allah. Daga Inugu wannan magana tana da daɗin faɗi. Ni da nake katanga ɗaya da ƙanenmu Jethro, ni nake ganin abin da ake ciki.

Ka san tun da ya je ba da jini lokacin da aka yi wa Mama aiki a asibiti aka gano cutar nan ta ƙanjamau a jikinsa. Matarsa Celina an gwada ta, ba ta da ita. Likita bai ɓoye musu komai ba: magani babu, in suka nemi ciki tana iya kamuwa, ɗan ma yana iya zuwa da ita, yana kuma iya tsira. Daga ni sai kai muka sani. Mama kuwa abin da ta sani shi ne an yi aure ya kwana biyu, ba ta ga jika ba, kuma a wurinta laifin ba zai taɓa zama na ɗanta ba.

Ran Asabar ɗin da ta wuce ta kwaso matan Zumuntar coci suka cika ɗakin Celina, kowacce da ɗaurin zanen ƙungiya, wai sun zo addu'ar buɗe mahaifa. Suka yi waƙa, suka ɗora mata hannu a ciki. Sai wata ta kwance jaririnta ta ɗora mata a cinya, yaron ya tsula mata fitsari. Ka san mutanenmu da wannan. Guɗa ta tashi, ana ta cewa an amsa, baɗi war haka sai suna. Mama har da rawa. Jethro ya dawo daga masaƙa ya tarar da su, ya gaishe su da ladabi, ya zaga bayan gida. Can na same shi ya kifa kai a bango yana kuka. Ya ce mini shi ya san laifinsa, amma ba zai ƙara da kashe 'yar mutane ba.

Na ɗauka Celina za ta ji haushin matan nan. Ashe ban san komai ba. Da suka watse na shiga in ba ta haƙuri, sai na tarar ko zanen ba ta canza ba. Ta ce ita tana son ɗan, kuma kororon robar da likita ya ba su ta riga ta zuba a masai. Na hau ta da faɗa, na ce ko ta haukace ne, da hankalinta za ta rungumi mutuwa? Ta bar ni na gama. Sannan ta tambaye ni ko na tuna Christy, matar Kawu Ɗanladi, wadda ta yi jinyarsa har ya cika, aka gama zaman makoki aka ɗaure mata tukwanenta aka raka ta bakin hanya don ba ta haihu ba. Ta ce ita marainiya ce, gidan da za ta koma babu. Ta ce cutar tana ba ta tsoro, amma ta fi tsoron a kira ta baƙuwa a kan kabarin mijinta.

Yaya, ni ma ina cikin waɗanda suka riƙe wa Christy kaya ran nan, dukanmu muna kallo.

Ni ban ce mai wannan cuta ba shi da ikon son ɗa ba. Mutane ne, kuma shawarar tasu ce. Amma wannan ba zaɓi Celina take yi ba, tsoronmu ne yake tura ta. Tun rasuwar Baba kai ne babba a gida. In ka zo ka tara dangi, ka faɗa da bakinka cewa ɗakinta nata ne, da gonar Jethro ta ƙauye, ko da ɗa ko babu, ba wanda zai musa maka. Bayan haka in sun zauna su biyu sun ce suna son haihuwa, zan yi shiru in riƙe ta hannu biyu. Kada ka ce sai Kirsimeti. Jethro yanzu a ɗakina yake shimfiɗa tabarma don gudun matarsa, maƙwabta sun fara magana, kuma ban san iya kwanakin da zai jure ba.

Ka gai da Eunice da kyau, da Monday da ƙaramar Hauwa. Mama tana gaishe ku, ta ce a turo mata manja. Jethro ma yana gaisuwa. Celina ta san ina rubuta maka. Na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko ita 'yar gida ce, don ta san abin da za ta yi.

Ni ce ƙanwarka,
Rhoda