Ƙodago a cikin ƙwarya

Zuwa ga Yaya Sale,

Sallama da gaisuwa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma, ni da kai ba mu iya boko ba. Maƙwabcina Malam Isa ke rubutawa, ni ina faɗa.

Tun shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano ka bar ni da sana'ar carbi, kuma ban ajiye ta ba. Sai dai idona ya mutu, kamar yadda naka ya yi. Shi ya sa ɗana Habu ya kwashe baka da zarton da nake murza ƙodago da su, wai makaho ba ya zaɓen ƙwallo.

Ran Juma'a ya taro dattawan unguwa, ya juye ƙwallaye iri-iri a ƙwarya don in ji kunya in haƙura. Yaya, da ka ga ƙanenka! Na giginya tun a tafin hannu na ture shi. Aduwa da ɗinya, wa zai tambaye ni? Na gano kwakwar manja ta Kudu da ramukanta uku. Saura ƙwallon goruba biyu. Na girgiza su a kunne, na sa haƙori, na ce wannan ta tudu ce, za ta yi carbi, waccan ta fadama ce, tana bushewa za ta tsage. Aka fasa ta fadamar, ga tsaga a ciki. Habu da kansa ya mayar mini da kayana ɗaki.

Amma akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Lokacin da idonka ya rufe, ni na ɓoye bakanka a rumbu, na ce maka an sace. Na ɗauka tausayinka nake ji. Shekara biyu kana zaune hannu wofi. Ka sani, ko? Me ya hana ka yi mini faɗa? Ashe sanin ba a ido yake ba, kuma kai ka zuba mini shi a yatsu. Ka yafe mini.

Gobe da safe zan hau mota zuwa Miga, in zaɓo ƙodago da hannuna. Habu ya ce zai raka ni. Na ce ya zo, amma buhu kawai zai riƙe.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Ƙanenka mai taurin kai,
Audu mai carbi, Dutse