Gobe Kumandan Zai Zo Duba Hanya

Daren Talata, watan Rajab, zangon aikin hanyar Kore Mairuwa

Jikina duk ciwo yake, amma sai na rubuta. Yau kawu Gado ya faɗi da kwandon tsakuwa a ka, Ɗan Baro, sabon shugaban aiki, ya hana a ba shi ruwa, wai sai an tashi aiki.

Da nake shugaban wannan aikin dole, in rana ta take nakan ce a shiga inuwa, kuma hanya tana tafiya, ko da a hankali. Ɗan Baro ne ya je ya gaya wa kumandan, Baturen da ke mulkinmu, wai lallashin mutane nake kamar uwarsu. Aka ba shi matsayina, aka mayar da ni ɗaukar ƙasa.

Bayan lisha mutanen Tibiri da muke aikin tare suka raɗa mini: "Malam, yau duk za mu ƙetara iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, har da kawunka bisa jaki. Ka rufa muna asiri."

Na rufa. Gobe kumandan zai zo duba aiki, kuma ina so in tsaya kusa in ga fuskar Ɗan Baro sa'ad da aka tambaye shi ina mutanensa. Na san ni zai waiwaya ya duba. Zan ce barci nake.