Kafin a Kwance Ragar

Zuwa ga Bahago,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni dai ina nan a ɗakin bene, ni da sandata da talabijin. Ɗana yana leƙo ni ranar hutu in ya samu sarari.

Ka kalli wasan tanis na ranar Lahadi? Agogo da Guguwa, karonsu na ƙarshe, tunda gwiwa ta tilasta wa Guguwa ajiye raket. Shekara da shekaru kofi bai san gidan kowa ba sai nasu su biyu. Na sha cewa zakarun zamaninmu na raket ɗin katako sun fi na yanzu. Na janye. Akwai ƙwallon da ta wuce Guguwa, ya bi ta yana ɗingishi, ya mayar da ita bai ko waiwayo ba, ta sauka daidai kan layi. Agogo ya tsaya yana tafa masa da raket. Shayi ya huce a hannuna ban sani ba. Da Agogo ya ci, bai ɗaga hannu sama ba. Bakin raga ya je ya jira, ya kama hannun Guguwa ya ƙi saki.

Ni da kai ba mu yi wannan musabahar ba. A wasanmu na ƙarshe na kofin kulob muna kunnen doki ruwa ya tsinke, kowa ya gudu rumfa, kafin a sake sa rana aka yi maka canjin wurin aiki. Yanzu za a fasa filin kulob ɗin ƙarshen wata, a mai da shi wurin ajiye motoci. Ina hango shi ta taga. Ka zo mu tsaya a raga sau ɗaya.

Ka huta lafiya. Naka,
Dogo

Dogo,

Gaisuwarka ta iso, ina amsawa. Ashe kana raye, tsohon banza. Ba kunnen doki muke ba, ni ke gaba, ruwan nan kai ya ceta. Na kalli wasan. Ka ba Agogonka raket na katako ka gani ko zai kai labari. Amma ƙwallon nan ta Guguwa, gaskiya sai da na ce 'yata ta sake kunna mini ita. Zuwa kam ba zai yiwu ba, hanya da nisa. A fasa filin, dama gefen hagunsa ya karkace.

Sai wani jiƙon,
Bahago

Zuwa ga Bahago,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Agogo ya sake wasa jiya da wani sabon yaro, ya cinye shi ko gumi bai yi ba. Ba kuskure ko ɗaya, amma ban ga abin da ya tsayar mini da numfashi ba. Lokacin hutu Agogo yana zaune yana kallon kujerar ɗaya gefen, inda Guguwa ya saba zama. Sai na gane mafi kyawun wasansa Guguwa ne ke tono shi daga jikinsa. Ni ma bayan tafiyarka na ci kofin kulob sau da yawa, ban tuna ko bugu ɗaya daga ciki. Wasannin da ka ci ni kuwa ina iya lissafa maka su.

Wani abu kuma. Na san rubutunka tun muna makaranta, kwanciya yake yi baya kamar iska ta tura shi. Wannan tangaɗi yake yi kamar na ɗan aji ɗaya. Ba nisan hanya ba ne. Me ya samu hannun?

Ina sauraronka. Naka,
Dogo

Dogo,

Ina gaisuwa. Idonka bai mutu ba, shi ya sa kullum muke faɗa kan layi. Ɓarin jikina na hagu ya shanye tun bara. Hannun da ya hana ka sakat duk ƙuruciyarka yana kwance kan cinyata kamar safar da aka cire. 'Yata ke ɗaga mini shi in za a sa riga. Da hannun dama nake koyon rubutu. Kai kaɗai ka rage a duniya da ka san abin da hannun nan yake yi wa ƙwallo. Ka bar shi a ranka yadda ka san shi. Ba na so ka gan shi haka.

Ka yafe mini,
Bahago

Zuwa ga Bahago,

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na daɗe zaune da takardarka a hannu.

Amma tsufa ya sa ka manta ka'ida. Duk bahagon da ya taɓa shiga fili, in an tashi wasa, hannun dama yake miƙawa ta saman raga. Na hagun aikinsa ya ƙare tun ranar da ruwa ya tsinke, kuma ba mai karɓe shi daga raina. Na daman nake jira. Ni ma sai mutum biyu sun riƙe ni zan sauka daga benen nan, ka ga kunnen doki muke har yanzu.

Naka har kullum,
Dogo

Dogo,

Gaisuwa. 'Yata za ta kawo ni ranar Asabar. Ka ce wa mai gadin filin kada ya kwance ragar.

Kuma ni ke gaba.

Bahago