Abin da Na Gani Daga Bayan Tankin Ruwa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Iyaye 'Yan Najeriya na makarantarmu ta 'yan mata, unguwar Manfuha, nan ƙasar Larabawa.

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Ummana. Ina wurin ranar da aka yi faɗan da ya sa aka kori Bilkisu. Ina tsugune a bayan tankin ruwa, ina karanta littafin soyayya da na ɓoye cikin na lissafi. Da shugabar makaranta ta tambayi wa ya gani, sai na sunkuyar da kai, don kar a ce me ya kai ni can.

Bilkisu ƙawata ce tun muna aji uku. A saman benensu muke zama bayan la'asar, ita tana yi min kitso, ni ina karanta mata littafin soyayya na harshenmu, don Larabci ya fi zama a bakinta. Duk inda saurayin littafin ya fara daɗin baki sai ta ja min gashi ta ce ƙarya yake. Har yanzu in na zo irin wurin nakan jira a ja.

Ga abin da na sani, Baba.

Na ɗaya, ba ita ta fara ba. Wasu ɗalibai uku ne suka tare ta, suka fizge mata ɗankwali, ɗaya ta cusa hannu a gashinta tana kiranta takruniyya, sunan da ake jifan baƙar fata da shi. An mare ta sau biyu kafin ta ture ɗaya, yarinyar ta faɗi, leɓenta ya fashe.

Na biyu, su ukun alƙawarin ba za su sake ba kawai suka rubuta suka koma aji. Ita kuwa aka rubuta a takardarta mushagiba, wato mai tada fitina. Makarantu biyu sun ga kalmar sun ƙi karɓarta, sun mayar da babanta.

Na uku, ni fara ce, ana ɗauka ta 'yar Yaman, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba. Shi ya sa ba a taɓa ɗaga min hannu ba. Sauran 'yan uwanmu sai sun haɗu suke zuwa shan ruwa.

Na huɗu, an ce ka ba babanta haƙuri, wai mu baƙi ne, a lallaɓa saboda iƙama, wato takardar izinin zama. Na san ba ka da shaida a lokacin. Ni ce na hana ka.

Yanzu Bilkisu ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Ta daina kitso. Ran nan ta ce min tunda sun rubuta mushagiba, gara ta zama hakan.

Ina roƙon ka kai ni gaban shugabar in faɗi abin da na gani, a goge kalmar nan, a bar ta ta dawo. A kuma karanta wasiƙar nan a taron iyaye, da sunana. In littafin za a ƙwace, a ƙwace.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare maka 'ya'yanka.

Mako uku takardar nan tana cikin jakata. Gobe in ka kawo 'yarka makaranta, da hannuna zan miƙa maka.

Wassalam.
'Yarka, Safiyya.