Gayyar Jinin Safiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma tun da kika tafi ban sami wanda zai saurari maganata har ƙarshe ba tare da ya katse ni da "sai haƙuri" ba, shi ya sa na rubuto miki.

Maganar jikarki Safiya ce. Kin san ciwonta, don ke kika fara cewa wannan kukan ba na haƙori ba ne, tun kafin likitoci su ce sikila ce. Ke kike gasa mata gaɓoɓi da tsumma da ruwan ɗumi, kina yi mata tsiya wai ta cika raki kamar ubanta. Yanzu ta girma, tana firamare, kuma bakinki ta ɗauko kaf. Ba a kayar da ita a magana.

Bayan rasuwarki muka shiga wata ƙungiya ta iyayen yara masu irin wannan ciwo, a asibitin birni. Ranar ganin likita muke haɗuwa, a kan tabarmi bayan ɗakin magani. A can muka koyi dura wa yaro ruwa ko ba ya jin ƙishi, da kwana cikin gidan sauro, da gane alamar da ba a jira da ita sai gobe. Wata tsohuwar nas ce ke jan ragamar abin, Anti Binta muke ce mata. Babban aikinsu shi ne jini. Kowane gida ya kawo masu bayarwa idan ya sami hali, a ajiye, duk yaron da ya buƙata a ɗaukar masa, ba a tambayar ɗan wane gari ne. Ranar da ta yi mini bayani cewa ta yi, "Malam Idi, ku mutanen karkara ai ba sai an koya muku ba. Gayya ce."

Inna, kaina ya kumbura. Na bugi ƙirji a gaban mutane na ce indai gayya ce, garinmu ba a gwada mana. Ke na tuna. Na tuna yadda kike tashi ki daka gero, ki cika ƙorai da fura, ki tsaya a bakin gona kina kiran ragwaye da sunayen iyayensu har sai sun ji kunya sun sunkuya. Kikan ce, "Hannu da yawa maganin ƙazamar miya."

Da damina ta kankama, zazzaɓi ya kama Safiya. Kafin mu ankara tafin hannunta ya yi fari fat, ko zama ba ta iyawa. Aka ba mu gado, uwarta Rabi ta tare a wajenta. Ni ban daɗe da ba da nawa jinin ba, ma'aikatan asibitin suka ce ba za su sake ɗiba ba tukuna. Anti Binta ta ce za a ba ta daga ajiya, amma ajiyar ta yi ƙasa, ga yara birjik a kwance, kuma Safiya za ta sake buƙata nan gaba. Ta ce idan zan tara mutane, za ta nemo motar asibiti ta zo har garinmu.

Bayan sallar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci na faɗi komai dalla-dalla, ban ɓoye allura ba, ban ɓoye ledar da ake tara jinin ba. Kowa ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ƙaninki Kawu Sale, autan gidanku, ya dafa kafaɗata ya ce in bar komai a hannunsu.

Ranar da aka sa, mota ta zo ta tsaya a gindin tsamiyar makarantar da nake koyarwa. Muka jera bencina, na sayo goro. Hantsi ya yi, ba kowa. Ma'aikatan suna duban hanya, suna dubana, ni kuma ina ta gyara bencin da ba abin da ya same shi. Can sai na jiyo ganga daga wajen gonata.

Na isa na tarar da mazan garin nan sun yi sahu kafaɗa da kafaɗa, suna yi mini noman maimai. Har waɗanda ba ma ga maciji da su suna ciki. Kawu Sale ya ɗago, gumi na zuba, ya ce, "Mun ji abin da ka ce sarai, Idi. Amma damina ce. Wanda aka zuƙe wa jini, da me zai ɗaga fartanya? Jini in ya fita ba ya dawowa. Ga abin da za mu iya. Gona ta fita daga wuyanka, je ka zauna da 'yarka."

Na ce masa yana dawowa, ya dube ni, sau nawa na bayar. Ya ce, "Kai ai alli kake ɗagawa." Aka kwashe da dariya, ba ta mugunta ba, aka koma aiki.

Inna, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Ranar jana'izarki ma ban ji haka ba, don a ranar kowa ya san abin da ke damuna. Amma ka tsaya a tsakiyar mutanen da suka bar gonakinsu saboda kai, suna zubar maka da gumi, kai kuma kana ji kamar ka fasa ihu? Fushi nake yi, kuma ba ni da inda zan sauke shi. Sai na yi musu sannu da aiki, na koma gindin tsamiya.

Mutum ɗaya ce ta zo. Ƙawarki Iya Dije, da sandarta, tana tafe tana hutawa. Ta zauna ta miƙa hannun nan nata da ba komai sai fata da jijiya, ta ce su ɗiba. Suka ba ta haƙuri, shekarunta sun wuce. Ta yi musu tas, ta ce ta ga haihuwar iyayensu. Amma ba ta tafi ba. Ta zauna tare da ni har motar ta juya ba leda ko ɗaya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da Hauwa na nan, da da kunne za ta jawo su."

Gaskiya ta faɗa. Ni ban gaji wannan daga gare ki ba. Na iya bayani, ban iya sa mutum ya ji kunya ba.

An ƙara wa Safiya jini daga ajiya, ta farfaɗo. Na shiga wajen Anti Binta kaina a ƙasa, ina jiran ta tuna mini da cika bakin da na yi. Sai kawai ta nuna mini wani mutum a zaune a benci yana danne auduga a hannu. Direban keke mai ƙafa uku ne daga unguwar Bacirawa. Nasa ɗan ya rasu tun bara, amma bai daina zuwa ba da jini ba. Na je in yi masa godiya, muka yi musabaha kawai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Safiya ta ji a gadon asibiti cewa an kira gayya dominta. Sauran labarin ba wanda ya faɗa mata. Da muka dawo gida, Kawu Sale ya shigo dubiya, tun daga soro yana kiran, "Ina amaryar tawa, ko an sake ni ne?" Kin san wasansu, kullum sai ta ce ba ta auren mai furfura. A ranar ba ta rama ba. Ta sauko daga tabarma da ƙyar, ta durƙusa a gabansa, ta ce, "Kawu, na gode da jini. Allah ya saka."

Rabi ta shige ɗaki. Kawu Sale ya tsura wa ƙasa ido, ya ce amin a ciki-ciki, ya fita ko takalminsa bai sa daidai ba.

Ya daɗe yana kauce mini. Yanzu kaka ta yi, geron gonata ya fi na kowa kyau a garin nan, kuma duk damin da na ɗaga sai na tuna ranar gindin tsamiya. Jiya ina ɗaure dami sai ga shi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yaba zangarniya, ya zagi tsuntsaye. Sannan ya rage murya, ƙaton mutumin nan da ke kayar da bijimi shi kaɗai, ya ce, "Idi, allurar nan, tana da zafi sosai?"

Gobe za mu birni a babur, ni da shi. Ya ce kada in faɗa wa kowa. Mutum ɗaya ne cikin gari guda, kuma ban sani ba ko zai juya idan ya ga ƙofar asibiti. Ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke, ke kuwa na san ba za ki tona masa asiri ba. Idan ya tsorata, zan gwada kiransa da sunan mahaifinku, yadda kike yi a bakin gona.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Safiya da sauran yaran lafiya, ya saka wa wanda jininsa ke yawo a jikinta, ko da ba mu san sunansa ba. Allah ya sa godiyar da ta yi wa Kawu ta zama gaskiya gobe.

Ni ne ɗanki mai kewarki,
Idi