Rabonmu Daga Garken Gwamnati

Bulgariya, Afrilu 1992

Ɗana Lubomir,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya sanyin Jamus? Ina fata tarin nan ya sake ka.

Baƙin da za su koya mana arziki sun iso. Mun tarbe su da burodi da gishiri, mun yanka musu rago. Suka ce ƙasashensu sun ware mana tallafi, amma sai an rushe gonar gwamnati, kowa ya zama mai kansa. Aka raba garken da babanka ya yi rayuwarsa yana kiwo. Rabonmu Belka, farar saniyar da ya karɓi haihuwarta da hannunsa. Ba wanda ya tambaya ina mu mazauna hawa na huɗu a bene za mu ajiye saniya. Tana ɗaure a rumfar gawayi, maƙwabta na ta tsegumin wari.

Mahaifiyarka,
Dafina

Nuwamba 1992

Lubomir,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Tallafin ya iso. An tara mu a otal, wani yaro mai ƙamshin turare ya koya wa babanka yadda ake kiwo, aka ba kowa biro da takardar shaida. Babanka ya tambayi ciyawa, aka ce wannan ba ya cikin tsarin. Rancen kuwa sai mai kamfani. Ka tuna Genco, sakataren jam'iyyar kwaminis da ya taɓa hana ka fasfo? Shi ya samu, har ya buɗe masana'antar naman gwangwani. Yanzu dimokuraɗiyya ba ta fita daga bakinsa.

Ƙanƙara ta rufe ko'ina. Haƙarƙarin Belka duk a waje, babanka yana ɓoye mata burodinsa. Raina a ɓace yake, Lubomir.

Dafina

Fabrairu 1993

Ɗana,

Muna lafiya, in wannan ce lafiya. Babanka ya ja Belka da kansa har ƙofar Genco, inda shanun kowa suka ƙare. Ya dawo da igiya kawai.

Jiya baƙin suka dawo ɗaukar hoton Genco, wai shi ne shaidar tallafi ya yi aiki. Aka raba wa kowane gida gwangwani kyauta, muka tafa. Babanka ya ture nasa, ya ce, "Dafina, na san wadda ke ciki."

Ni dai na ci, ɗana. Yunwa nake ji. Kada ka dawo.

Mahaifiyarka,
Dafina