Gayyar da muka yi a Dabai

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya? Yaya maigida da yara? Mu a Zuru lafiya lau.

Dattijo Bawa ya ce a raba matasan ikilisiyarmu gida biyu, wai 'yan bariki ba su jin yarenmu na C'lela, ba su san fartanya ba. Na ce, "Baba, ba mai raba mu." Muka kira gayya a gonar wata gwauruwa a Dabai, mu duka. Hannayen 'yan barikin suka yi bororo, amma ba wanda ya ajiye fartanya, har waƙar noma suka koya. Ran Lahadi da ita za mu buɗe sujada. In Dattijo Bawa ya isa, ya tsame su daga cikinmu.

Ki sa mu a addu'a, ki gai da Kawu.

Ƙaninki,
Ishaya